Gwamna Lugga da Dokar Bayi: 'Yancin da Aka Yanka wa Farashi

A watan Maris na 1903, 'yan kwanaki bayan an watse daga fagen yaƙi a Giginya, Frederick Lugard, wanda Hausawa suka fi sani da Gwamna Lugga, ya tara Waziri Buhari da sauran manyan Sakkwato ya karanta musu sharuɗɗan sabon zamani. Ya ce Fulani da takobi suka karɓi ƙasa, yau kuma Ingilishi sun karɓe ta da takobi, saboda haka naɗi da tuɓewa da haraji sun koma hannun gwamnati. Ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba. Da ya zo kan maganar bayi sai ya raba ta biyu. Harin kamun mutane da saye da sayar da su, ya ce an hana daga yau. Amma bayin da ke cikin gidaje da gandaye, gwamnati ba ta da niyyar shiga tsakaninsu da iyayengijinsu sai in an zalunce su, kuma duk wanda aka 'yanta dole ya kama sana'a, kada ya zama ɗan zaman banza ko ɓarawo.

Duk abin da ya faru da bayi a Arewa cikin shekaru talatin da uku da suka biyo baya yana ƙunshe cikin wannan rabon. Masu yabon Lugga rabin farko suke karantawa su tsaya. Masu zaginsa kuma sukan yi kamar rabin farkon bai faru ba. Ni ina ganin ba a fahimtar mutumin sai an riƙe biyun tare, an kuma tambayi wa ya biya kuɗin wannan gyara da ake jingina masa.

An haife shi a Madras ta ƙasar Indiya a 1858. Ubansa limamin coci ne na sojoji, uwarsa 'yar mishan. Ya shiga soja, ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama kafin ya cika shekara talatin. A 1888 ya je Karonga, a bakin tafkin Nyasa, ya jagoranci faɗa da fataken bayi na Sawahili, inda harsashi ya ratsa hannayensa da ƙirjinsa. Ba na shakkar cewa ƙyamar cinikin mutane ta shige shi da gaske tun daga nan. Daga baya ya yi wa kamfanin Ingilishi aiki a Uganda, sannan a 1894 kamfanin George Goldie ya aike shi Borgu don ya riga Faransawa ƙulla yarjejeniya da Nikki. A 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar sojan da daga baya ta ci Arewa. Ranar 1 ga Janairu 1900 ya ɗaga tuta a Lakwaja a matsayin Babban Kwamishinan ƙasar da mafi yawanta bai taɓa takawa ba.

Abin lura a wannan tarihi shi ne daga ina ya samo dabararsa. A Indiya, tun 1843, Ingilishi suka ƙirƙiro wata hanya: ba za a ce an 'yanta bayi ba, sai dai a ce doka ba ta san wani abu wai shi bawa ba. Kotun gwamnati ba za ta mayar wa ubangida bawansa da ya gudu ba, amma kuma mallakar bawa ba laifi ba ce, kuma ba wanda zai bi gida gida yana shaida wa bayi cewa al'amari ya canza. An yi amfani da wannan hanya a Zanzibar a 1897, kamfanin Goldie ma ya shelanta ta a wannan shekarar bayan ya yaƙi Bida da Ilori. Ita Lugga ya ɗauko. Dokarsa ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta soke matsayin bauta a gaban kotunan gwamnati, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Wanda aka haifa kwana guda kafin nan kuwa yana nan a hannun mai shi.

Kafin a yi masa hukunci, a dubi girman abin da ya tarar. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun kiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke cikin daular Usmaniyya sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne da ke gefen rayuwa, shi ne ƙashin bayan tattalin arziki. Gandayen sarauta irin na Fanisau da Nasarawa a Kano, rinjojin ƙasar Zazzau, rumadan Adamawa, ayarin fatake zuwa Gwanja, marina, majema, duk akwai gumin bawa a ciki. Fada ma haka: Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano bayin sarki ne, kuma ikon da ke hannunsu ya fi na hakimai da yawa. Ga kuma ɓangaren da ba mu cika son tunawa ba. A ƙarshen ƙarni na 19 hare-hare sun cinye garuruwa a ƙasar Gwari da kudancin Zazzau da Bauci da Adamawa. Shehu Usmanu da ɗansa Muhammadu Bello sun yi rubutu suna hana bautar da 'ya'ya Musulmi, amma zuwa wannan lokaci iyakar ta lalace a wurare da dama, har talakan da ke kan hanyar kasuwa ba shi da tabbacin komawa gida. An ruwaito cewa da Turawa suka yi wa Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, maganar ya daina hari, sai ya tambaye su ko ana iya hana kyanwa kamun ɓera, ya ce shi da bawa a baki zai mutu.

A nan dole a ba Lugga haƙƙinsa. Cikin 'yan shekaru manyan hare-hare suka tsaya. Kasuwar bayi ta Kano ta rufe bayan shigar sojojin Kanar Morland a Fabrairun 1903, sauran manyan kasuwanni ma suka bi. Mutanen da suka shekara da shekaru a kan duwatsu saboda tsoron mahaya suka fara saukowa suna noma a fili. Duk wanda kakanninsa suka fito daga waɗannan yankuna ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba daidai ba ne a share shi don kawai wanda ya yi shi ɗan mulkin mallaka ne.

Sai dai shi wannan Ibrahim na Kwantagora, da aka kore shi a 1901 da sunan yaƙi da bauta, a 1903 Lugga ya mayar da shi kan gadonsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa. Maganar bauta ita ce hujjar da ake kai wa majalisar Ingila da jaridun Landan duk lokacin da za a tura soja wani gari, domin tun taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka mayar da yaƙi da cinikin bayi rigar da suke sa wa mamaya. Da an ci garin kuwa sai lissafi ya sauya. Lugga na da Turawan mulki 'yan ƙalilan a ƙasa mai faɗin gaske, kuɗin gudanarwa kuma tallafi ne daga baitulmalin Ingila, wanda kullum ake masa gori a kai. Ba shi da yadda zai yi mulki sai ta hannun sarakuna, su kuwa sarakuna da hakimai dukiyarsu da ƙarfinsu bayi ne. In bayi suka watse, gandu ya mutu, hatsi ya yi ƙaranci, haraji ya faɗi, sarakunan da ya jingina da su suka zama ba su da abin riƙe mabiya. Tsarin da ake kira mulki ta hannun sarakuna da kuma jan ƙafa wajen 'yanta bayi abu ɗaya ne, ba a raba su.

Bayin kansu ba su jira an yi musu bayani ba. Da labari ya bazu cewa Nasara sun ci gari, dubbai suka tattara 'yan komatsansu cikin dare suka kama hanya. Waɗanda aka kamo da girmansu, masu tuna sunan garinsu da harshensu, su suka fi tafiya. Wasu rinjoji a Nupe da Kwantagora da Bauci da Yola suka wayi gari kusan kango. Waɗancan masana biyu sun kiyasta masu gudun a wajen mutum 200,000 cikin shekaru goman farko. Wannan ita ce 'yantarwa mafi girma da aka yi a zamanin Lugga, kuma ba shi ya yi ta ba. Hasali ma ƙoƙarin tsayar da ita ya yi.

Umarnin da ya riƙa aika wa Razdan-Razdan a fili yake. Kada a ƙarfafa wa bayi gwiwar barin iyayengijinsu. Kada a bar barikin soja da sababbin garuruwan da ke tasowa kusa da shi su zama mafakar gudaddun bayi. Wanda ya gudu ba shi da aikin yi, a ɗauke shi a matsayin ɗan yawon banza. Sarakunan garuruwa kada su ba baƙon da ba a san asalinsa ba gonar noma. Ka duba yadda abin yake a ƙasa: doka ta ce kotun Bature ba za ta kama ka ta mayar ba, amma ba gona, ba aiki, ba masauki, ga dogarai a hanya, ga kuma kotun alƙali wadda ita har yanzu ta san bawa ta san ubangida, kuma can Razdan zai tura ƙararka. Da yawa sun juyo da ƙafarsu.

Hanyar da Lugga ya buɗe, wadda yake alfahari da ita, ita ce ta fansa. A nan ya yi wayo ƙwarai, domin bai kawo sabon abu ba, abin da ya tarar ya lanƙwasa. Da ma a ƙasar Hausa akwai murgu: bawa ya yi yarjejeniya da ubangidansa ya tafi ya yi sana'arsa, dako ko saƙa ko ƙira ko kiɗa, yana kawo wani abu da aka yanka masa duk mako ko duk wata. Akwai kuma fansar kai, wadda shari'a ta tanada, bawa ya biya kuɗin wuyansa a hankali. Amma a da sai ubangida ya yarda. Abin da Turawa suka ƙara shi ne cewa in bawa ya nemi fansa ba a hana shi, alƙali zai yanka kuɗin, in ya gama biya a rubuta masa takardar 'yanci.

A kan takarda abin ya yi kyau. Amma ka ɗauki bawan gandu a ƙasar Zazzau. Da hantsi yana gonar ubangida tare da sauran bayi, sarkin gandu na tsaye a kansu, ba za a tashi ba sai azahar ta yi. Abin da ya rage na yini shi ne nasa, a 'yar gayaunarsa. Daga wannan gayauna zai ci da iyalinsa, daga ita zai fitar da kuɗin fansa. In ya zaɓi ya fita neman kuɗi da rani, murgu na hawa kansa, kuma murgu ba ya rage ko wuri ɗaya daga kuɗin fansar, haya ce kawai ta jikinsa da yake biya. Sannan ga sabon nauyi: dokokin haraji na 1904 da 1906 sun bi da kowane baligi, a hankali kuma gwamnati ta ƙi karɓar wuri da hatsi ta ce sai sulalla. Iyayengiji da yawa suka ce wa bayinsu kowa ya biya nasa. Mutum ɗaya, bashi uku. Idan ya gama da kansa, matarsa na nan, ita ma sai an fanshe ta.

A yankunan Ingila na Karebiyan, da aka soke bauta a 1833, baitulmalin Ingila ne ya biya masu bayi diyyar fam miliyan 20. Wannan ma zalunci ne, tunda wanda aka bautar bai sami ko kwabo ba. Amma a Arewa abin ya zarce haka: an biya masu bayi diyya, kuma daga aljihun bawan aka fitar da ita. Gwamnati ba ta kashe komai ba, ta sami ma'aikata masu neman sulalla ido rufe, ta sami haraji, ta riƙe amincin sarakuna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kuɗin gyaɗa da na ƙwadago a ma'adinan kuza na Jos suka taimaki mutane da yawa suka kammala biya. Bayanan kotuna sun nuna sama da mutum 100,000 sun sami takardar 'yanci zuwa ƙarshen shekarun 1920. Kowace takarda a cikinsu shekaru ne na gumin wani.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne sha'anin mata. Lugga da Razdan-Razdan ɗinsa sun yanke cewa maganar ƙwarƙwara ba maganar bauta ba ce, maganar aure ce, don haka ta alƙali ce, ba ruwan gwamnati. Kuyangar da ta gudu ba a kallonta a matsayin mai neman 'yanci, ana kallonta kamar matar da ta yi yaji, kuma rahotannin Turawan cike suke da zargin cewa irin waɗannan mata karuwanci za su shiga in an sake su. Saboda haka ba a sakin mace sai a hannun wani namiji, ko miji ko mai riƙo. Wannan ya buɗe wata ƙofa da kowa ya gane: mai kuɗi ya je kotu ya ce zai fanshi wance, ya biya ubangidanta, alƙali ya rubuta takarda, ya tafi da ita gida ya sa ta a ɗaka. A rajista an rubuta an 'yanta baiwa. A gaskiya ciniki aka yi, da hatimin hukuma a kai. Kuma tunda bukatar ƙwaraƙwarai ba ta ragu ba a gidajen sarauta da na attajirai, fataucin yara mata a ɓoye ya ci gaba, ana satowa daga Adamawa da duwatsun Mandara da ƙasar Kamaru, har cikin shekarun 1920 da 1930. 'Yan matan da aka haifa bayan 1901, waɗanda doka ta ce 'ya'ya ne, da yawansu an ba da su sa-ɗaka kamar yadda aka yi wa iyayensu, don ba wanda ya je ƙauye ya tambayi shekarar haihuwarsu.

Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake, waɗanda ba a san garinsu ba, an tara su a gidajen 'yantattun bayi, ɗaya a Zungeru, ɗaya a Barno. Mace-mace sun yi yawa a gidajen, kuma daga baya aka miƙa yaran ga 'yan mishan, wasu kuma aka raba su gidajen ma'aikata suna aikatau.

Sai Satiru. A Fabrairun 1906, a wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato, jama'ar da ta taru a kan da'awar Mahadi, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ya tsallako daga yankin Faransawa, wanda ake kira Ɗan Makaho, suka fatattaki rundunar da aka tura musu, suka kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin. Talakawa ne masu gatari da fartanya da baka, kuma bincike ya nuna akwai gudaddun bayi da yawa a cikinsu. Wannan ne ya sa tsoron ya game Bature da basarake lokaci guda. A watan Maris aka koma da bindigogi masu aman wuta, tare da mahayan Sakkwato. An kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a wurin. Mata da yara kimanin 3,000 aka kwashe, aka rarraba da yawansu ga manyan da suka taimaka. Wato shekara biyar bayan dokar hana bautar da mutane, a gaban idon gwamnatin da ta kafa dokar, aka yi rabon ganimar mutane. Har a Landan abin ya tayar da hankali, Winston Churchill, wanda ke ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka a lokacin, ya rubuta suka a kan kisan. Lugga ya bar Arewa a wannan shekarar.

Ya yi gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, inda ya tsaya tsayin daka har aka kafa jami'a. A Arewa kuwa, da ya dawo ya haɗe ta da Kudu a 1914 ya zauna har 1919, ilimin da aka tanada ɗan kaɗan ne, kuma an fi nufin 'ya'yan sarakuna da malamai da shi, irin makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ɗan bawan da doka ta ce ɗa ne ba a yi masa tanadin komai ba, ba gona, ba makaranta. Aikin tilas kuma, na hanya da na dogo da na dako, wanda ake ɗibar mutane ta hannun hakimai, sau da yawa a kan bayi da talakawa marasa galihu yake faɗawa, domin su ne dagaci zai iya miƙawa ba tare da kowa ya yi magana ba.

Bayan ya yi ritaya ya zama babban masanin harkar bauta a idon Turai. Littafinsa na 1922 a kan mulkin ƙasashen Afirka ya zama abin karantawa ga duk mai shirin zuwa aikin mulki. Ya zauna a kwamitocin majalisar ƙasashen duniya ta Janiba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, yana da hannu a shirya yarjejeniyar hana bauta ta 1926. Yana can yana auna wa Habasha da Laberiya laifinsu, alhali a ƙasar da ya tsara da hannunsa mallakar mutum ba ta zama haramun a doka ba. Sai a 1936, da matsin lambar wannan majalisa ta Janiba ya yi yawa, gwamnatin Nijeriya ta fitar da dokar da ta ce duk wanda ke ƙasar ɗa ne, ko yaushe aka haife shi. Mafi ƙuruciyar waɗanda dokar ta 'yanta yana da shekara 35. Lugga ya mutu a 1945.

Masu kare shi suna da hujjar da ba za a raina ba. Suna cewa da an 'yanta kowa rana ɗaya da yunwa ta kashe bayin kafin iyayengijinsu, da kuma sarakuna sun yi bore an koma gidan jiya. Suna nuni da cewa cucanawa da yawa, waɗanda aka haifa a gidan, ba su da wani gari da za su koma, kuma sun zaɓi zama. Akwai gaskiya a ciki. Amma tsakanin sakin kowa rana ɗaya da abin da aka yi akwai hanyoyi da yawa da ba a bi ba. Ana iya ba wanda ya bar gandu fili ya noma, ga daji nan ba iyaka. Ana iya lissafa murgu cikin kuɗin fansa. Ana iya sa ranar ƙarshe, a ce bayan shekara goma an gama. Ana iya sauraron mace da bakinta. Ba a yi ko ɗaya ba, kuma ba mantuwa aka yi ba, domin kowanne daga ciki zai rage wa masu sarauta wani abu, gwamnati kuma ta riga ta zaɓi wanda za ta ɓata wa.

Mu ma akwai namu rabon a wannan labari. Alƙalan da suka rubuta takardun fansar nan namu ne, masu sa-ɗakar namu ne, kuma har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bincika ko akwai igiya a wuyan kakan yaro. Dabarar mayar da bauta maganar aure ma ba ta tafi da Turawa ba, kuma ba ta tsaya a iyakar Nijeriya ba. A Jamhuriyar Nijar, inda Faransa ta yi mulki, sai a 2003 aka sa hukuncin bauta cikin dokar laifuka. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a 1996 ta zama wahaya, wato sa-ɗaka, a yankin Birnin Ƙonni, ta karɓi takardar 'yancinta a 2005, amma mutumin da ya saye ta ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, kotu ta ɗaure ta wata shida da laifin aure kan aure. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suka kai maganar kotun ECOWAS, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa bauta aka yi mata, ƙasar Nijar kuma ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.